Yadda aka bi bututun masaukinmu ana neman ƙwayar Lijiyonela

Na rubuta wannan ne saboda masu kula da gine-gine irina, waɗanda wata rana za a iya kira a ce musu wani da ya kwana a wurinsu ya kamu da ciwon huhun da likitoci ke kira cutar Legionnaires. Ni manajan wani masaukin baƙi ne, matsakaici, mai hawa uku. Lokacin da abin ya same mu na nemi wanda zai faɗa mini daki-daki me ke biyo bayan me, ban samu ba. Duk abin da na ci karo da shi bayani ne kan zazzaɓi da tari, alhali ni abin da ke gabana tanki ne da bututu da takardu.

Sanarwar ta fara zuwa ne ta waya daga ofishin lafiya, takarda ta biyo baya. Jami'ar da ta kira ta ce wani dattijo da ya sauka a wurinmu yana kwance a asibiti, kuma gwajin fitsarinsa ya nuna ƙwayar Lijiyonela, wadda ita ke kawo wannan cuta. Ba ta faɗi sunansa ba, ranakun da ya kwana da lambar ɗaki kawai ta ba ni. Na ce mata, Hajiya, ai mutumin nan lafiyarsa ƙalau ya bar nan, kuma an kwana biyu. Ta ce haka cutar take, tana ɗaukar kwana 2 zuwa 10 kafin ta bayyana, wani lokaci har mako biyu, shi ya sa suke lissafa duk inda majinyaci ya kwana ko ya yi wanka a tsakanin nan. Mu ɗaya ne daga cikin wuraren, ba a yanke mana hukunci ba tukuna. Sannan ta ba ni umarni: a rufe ɗakin da duk ɗakunan da suke shan ruwa daga layi ɗaya da shi, kada a zuba wani magani a tanki, kada a taɓa ma'aunin hita, kada a kwance kan shawa ko guda, har sai sun zo sun ɗebi samfur, kuma ba za su daɗe ba.

Wannan umarni na ƙarshe shi ya fara haɗa ni da mai masaukin. Shi a ganinsa a cika tanki da kilorin a daren nan a huta. Na ce, ranka ya daɗe, in muka wanke kafin su zo, sakamakon zai fito fes, mu kuma ba za mu taɓa sanin inda ƙwayar take zaune ba, bayan 'yan makonni ta dawo. Da ƙyar ya yarda. Ma'aikata kuma nasu tsoron daban ne. Masu shara suka ƙi shiga ɗakin, wata ta ce a ƙone zannuwan gadon. Sai da na tara su na maimaita musu abin da jami'ar ta faɗa mini: cutar ba ta bi ta zanin gado ko musabaha ko tarin majinyaci. A duk tarihinta sau ɗaya aka rubuta abin da ake kyautata zaton ɗaukar ta ne daga mutum zuwa mutum, a Fotugal a 2014. Hanyarta ita ce shaƙar feshin ruwa, ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, irin wanda shawa ke cika banɗaki da shi. Shan ruwan ba ya kawo ta, sai dai in mutum ya ƙware ruwan ya gangara huhu. Yawancin masu lafiya ko sun shaƙa ba sa kamuwa. Waɗanda ta fi kayarwa su ne 'yan sama da shekara 50, masu shan taba, masu ciwon huhu ko suga ko ƙoda, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, kuma kusan mutum 1 cikin 10 da suka kamu ba sa tashi. A ranar na cire wani dattijon ma'aikacinmu mai shan taba daga aikin wankin banɗaki.

Takardun da aka ce in tanada su ne rajistar baƙi ta makonnin da suka gabata, zanen bututun ginin, littafin da ake rubuta zafin ruwa in akwai, rasiɗan wankin tanki da gyaran hita, da jerin duk wani abu a harabar da ke fesa ruwa. Rajista da rasiɗai ba su ba ni wahala ba. Zanen ne matsala. Wanda ke cikin fayil na lokacin da aka gina wurin ne, bayansa an ƙara ɗakuna, an mayar da wani ɗakin wanki ma'ajiya, babu wanda ya gyara zanen. Ainihin taswirar tana kan tsohon mai gyaran famfonmu, wanda ya daɗe yana aiki a ginin. Na roƙe shi ya zo ranar dubawa, kuma a duk kuɗin da muka kashe babu wanda ya biya kansa kamar ladan da na ba shi na wannan yini.

Su biyu suka zo, jami'ar da wani injiniyan ruwa. Na ɗauka ɗakin dattijon za su nufa, sai suka ce a kai su inda ruwa ke shigowa ginin, daga nan aka bi shi kamar yadda yake tafiya. A kan rufi injiniyan ya ɗaga murfin tankin ruwan sanyi, ya haska fitila, ga laka kwance a ƙasa, ga murfin ya tsage a gefe. Ya tsoma ma'aunin zafi ya nuna mini, ruwan ya kusa digiri 30 saboda rana na dukan tankin yini guda. A nan ya ba ni lissafin da har yanzu da shi nake aiki. Ƙwayar tana cikin koguna da tafkuna da danshin ƙasa ko'ina a duniya, amma 'yar kaɗan ce, ba ta cutarwa. Tana hayayyafa ne tsakanin digiri 20 da 45 na ma'aunin Selshiyos, ta fi jin daɗi kusa da zafin jikin mutum. Ƙasa da 20 ba ta mutuwa, kwanciya take yi. A 50 tana mutuwa a hankali cikin sa'o'i, a 60 cikin mintuna, a 70 kusan nan take. Da muka sauka wurin hita, allonta na nuna 50, an saita ta haka tun da daɗewa don rage kuɗin wuta da gudun ƙona baƙi. Ya ɗebi ruwa daga ƙasan tukunyar, inda laka ke taruwa, ɗumi ne kawai. Sannan ya je famfon da ya fi nisa, ya buɗe, ya riƙe agogo. Ƙa'idar da suke bi ita ce a ajiye ruwan zafi a 60, ya iso famfo da aƙalla 50 cikin minti ɗaya, na sanyi kuma ya sauka ƙasa da 20 cikin minti biyu. Namu bai cika ko ɗaya ba a wannan ɓangaren.

Tambayar da suka fi nanatawa ita ce ko muna da hasumiyar sanyaya ruwa, irin wadda manyan gine-gine da masana'antu ke ɗorawa a kan rufi, inda fanka ke hura iska ta cikin ruwan ɗumi. Ba mu da ita. Na'urorin sanyaya ɗakunanmu irin na bango ne, kuma injiniyan ya ce waɗannan da na mota ba sa amfani da ruwa wajen sanyaya iska, saboda haka ba su ne abin tsoro ba, duk da cewa su mutane suka fi zargi. Duk da haka ya tsaya a kan rufin yana leƙen gine-ginen maƙwabta yana rubutu. Daga baya na fahimci dalili. Manyan ɓarkewar cutar da aka sani yawanci daga irin wannan hasumiya suka fito. A birnin Mursiya na Sifaniya a 2001 an tabbatar da mutum 449. A arewacin Faransa, ƙarshen 2003 zuwa farkon 2004, iska ta kwashi feshin wata masana'anta ta kai shi aƙalla kilomita 6. Ita kanta cutar an gano ta ne bayan taron tsoffin sojojin ƙungiyar American Legion a wani otal a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, inda mutum 182, yawancinsu mahalarta taron, suka kwanta, 29 suka rasu, sai a Janairun 1977 Joseph McDade na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya ware ƙwayar. Bayan rufi suka duba 'yar maɓuɓɓugar adon da ke zauren karɓar baƙi, suka sa aka kashe ta nan take, saboda fitilun da ke ƙarƙashinta suna ɗumama ruwan. Suka tambayi ko muna da bahon wanka na ruwan ɗumi mai hura kumfa, irin wanda ya kwantar da fiye da mutum 180 a wani bajekolin furanni a Holan a 1999, mutanen da wucewa kawai suka yi ta gefensa. Har tiyon ban ruwan lambu, wanda ke kwana a rana cike da ruwa, sai da suka ɗaga.

Ɗiban samfur na da tsari. Kwalabe ne masu cin lita ɗaya, a cikin kowace akwai ɗan sinadarin da ke kashe ƙarfin kilorin, don kada ya ci gaba da kashe ƙwayar a hanya. A kowane banɗaki ana tarar ruwan farko da ya fito ba tare da an zubar da ko ɗigo ba, wannan shi ke nuna abin da ke zaune a bakin famfo. Sannan a bar ruwan ya zuba, a sake ɗiba, wannan kuma ya nuna abin da ke cikin layin. A ɗakin dattijon injiniyan ya sa takunkumi, ya kwance kan shawar a hankali ya miƙo mini. Daga waje yana ƙyalli, don kullum ana goge shi. A ciki kuwa farin ɓawo ne ya toshe rabin ramukan, a kansa wani yauƙi ruwan ƙasa-ƙasa, ya sa auduga mai sanda ya shafo shi, ya taho yana ja kamar majina. Ya ce nan ne gidan ƙwayar. Yauƙin nan tarin ƙananan halittu ne da ke manne wa bangon bututu, a cikinsa akwai amiba, wata 'yar halittar ruwa da ido ba ya gani, ita kuma Lijiyonela shiga cikin amibar take yi ta hayayyafa, kamar yadda take yi wa ƙwayoyin garkuwa a huhun mutum. Tsatsa na ba ta ƙarfen da take buƙata, ɓawon na ba ta mafaka, kilorin ɗin da ke zuwa da ruwan gari kuma ba ya ratsa yauƙin, balle in ruwan ya kwana a tsaye ƙarfinsa ya tafi. Kowace kwalba an rubuta mata wuri da lokaci da zafin ruwa, na sa hannu a takardar miƙawa, aka jera su a akwatin da ke kare su daga zafi, don ana so su isa ɗakin gwaji cikin kwana ɗaya ko biyu. Kuɗin gwajin a kan kowace kwalba ake yanka shi, kuma mu muka biya mafi yawa. A tabbatar ɗakin gwajin yana da shaidar amincewa kan wannan gwaji takamaimai, domin gwajin ruwan sha na yau da kullum ba ya neman wannan ƙwaya sam.

Da aka gama ɗiba sai umarni ya juya. Abin da aka hana mu jiya shi aka ce mu yi yau: a ɗaga hita zuwa 60, a bar ɗakunan can a rufe, a hana shawa a sauran sai an ɗaura musu matata ta musamman mai ramuka 0.2 na maikuron, wadda ƙwayar ba ta iya wucewa. Matatun suna da tsada kuma suna da wa'adi, sai an riƙa sauyawa. Sannan aka ce mu rubuta wa baƙin da suka kwana kwanan nan da waɗanda ke ciki, cewa duk wanda ya ji zazzaɓi da tari da ciwon jiki ko gudawa ya je asibiti ya faɗi inda ya kwana. Wannan wasiƙa ta fi komai yi mini nauyi, don ji nake kamar ina shelar cewa wurinmu ƙazami ne. Amma tana da dalili. Ƙwayar na ɓuya a cikin ƙwayoyin jiki, magungunan dangin fenisilin da aka saba bai wa mai ciwon huhu ba sa kai mata, sai irin su azitiromaisin ko lebofuloksasin, kuma likita ba zai yi saurin tunaninta ba in ba a ba shi labarin tafiya ba. Wasu baƙin sun tattara kayansu, wasu sun yi godiya. Na kuma sanar da kamfanin inshorarmu a rubuce.

Sai jira. Akwai gwajin gaggawa da ke neman ƙwayar halittar Lijiyonela, yana fitowa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ba ya bambance mai rai da matacciya. Wanda hukuma ke dogara da shi shi ne shuka ta a faranti mai gawayi, kuma tana da nawar tsiro, sai an ba ta kwana 10 zuwa 14. Babu kiran da zai gaggauta wannan, na gwada. A tsakanin nan duk wayar da ta shigo daga baƙuwar lamba sai gabana ya faɗi, ina tsammanin za a ce an sami na biyu. Mutum ɗaya tambaya ce, mutum biyu daga gini ɗaya kuwa magana ta canja.

Rahoton ya zo shafi biyu, jerin wurare da lambobi a gabansu, adadin ƙwayoyi masu rai a kowace lita. Jami'ar ta zauna da ni ta karanta mini shi. Mizanin da injiniyan ya ɗauko, na hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, ya ce daga 100 zuwa 1,000 a lita a sake duba tsarin a sake gwaji, sama da 1,000 kuwa a ɗauki mataki nan take. Ruwan da ke shigowa daga waje ba a ga komai a cikinsa ba. Tanki da maɓuɓɓugar ado kaɗan ne. Ƙasan hita da ɗakunan ƙarshen hawa na uku, waɗanda ba a cika bayarwa ba sai wuri ya cika, su ne suka haura 1,000, kuma nau'in da aka samu shi ne rukuni na 1 na Legionella pneumophila, wanda ya fi kwantar da mutane. Abin da ya fi damun ta shi ne har kwalaben da aka ɗiba bayan ruwa ya zuba sun nuna ƙwayar. Ma'ana ba kan shawa kaɗai ba ne, layin ne gaba ɗaya.

Wankin kamfani muka ɗauka, don ba aikin da za a ba mai shara ba ne. Aka zubar da ruwan tanki, aka kankare shi, aka sauya murfi. Aka buɗe hita aka kwashe lakar ƙasanta. Sannan aka cika layin da ruwa mai kilorin miligiram 50 a lita, ana bin famfo ɗaya bayan ɗaya ana buɗewa har takardar gwaji ta nuna maganin ya iso, a rufe, a bar shi aƙalla awa guda, sannan a wanke layin tas. Da dare aka yi, ginin babu kowa, an manna gargaɗi a kowace ƙofa. Duk kawunan shawa da tiyoyinsu sababbi aka sa. Kamfanin ya ba mu takardar shaida, na kai kwafinta ofishin lafiya, bayan 'yan kwanaki aka sake ɗiban samfur, aka sake zaman jiran faranti. Ya fito fes, muka buɗe ɗakuna. A gwajin da ya biyo baya kuwa sai ga ƙwayar ta dawo a ɗakuna biyu na hawa na uku. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Tsohon mai gyaran famfon ne ya warware mana. Ya tsaya a baranda yana kallon bango, ya ce, Malam, a nan fa da akwai wurin wanki. Lokacin da aka mayar da ɗakin ma'ajiya an cire famfon, aka toshe bakin bututun, aka shafe da siminti, amma bututun na nan haɗe da layin, tsawonsa ya fi kamu goma. Makahon bututu ke nan: ruwa na shiga, ba ya fita, zafi ba ya kai masa, kilorin ba ya kai masa, yana zaune da ɗumi shekara da shekaru yana ɗiga ƙwaya cikin layin da aka wanke. Aka fasa bango, aka yanke shi daga tushe inda ya rabu da babban layi. Ruwan da ya fito baƙi ne mai wari. Da aka bi ginin da wannan ido sai aka sami wasu biyu gajeru, ɗaya a bayan kicin. Aka sake wanki, aka sake gwaji. Fasa bango da gyaransa, da kuɗin ɗakunan da suka zauna a rufe, sun fi kuɗin gwaji da wanki a haɗe nesa ba kusa ba.

A zaman ƙarshe na tambayi jami'ar kai tsaye ko daga wurinmu dattijon ya ɗauka. Ta ce rahotonsu zai rubuta cewa mai yiwuwa ne, ba zai wuce haka ba. Don a tabbatar sai an shuka ƙwayar daga majinar ƙirjin majinyaci a gwada ta da ta ruwan a ga ko iri ɗaya ce, shi kuwa gwajin fitsari kawai aka yi masa, wanda ke nuna rukuni na 1 amma ba ya ba da ƙwayar da za a kwatanta. Haka yawancin binciken mutum ɗaya ke ƙarewa. Ta ce an sallame shi, kuma ba a sami wani ba. Na ji sanyi, ko da yake na so a ce mini e ko a'a.

Wanda ya tsinci kansa a wannan hali, abin da zan ce masa shi ne ya nemi wanda ya san bututun gininsa tun ranar farko, ya zana su yadda suke yau. Kada ya wanke kafin a ɗibi samfur, kada kuma ya yi jinkiri bayan an ɗiba. Ya ajiye kwafin kowace takarda, har da sunan wanda ya kira da abin da aka ce, don ofishin lafiya da inshora kowa zai tambaya. Kada sakamako mai kyau guda ɗaya ya sa ya saki jiki. Ya kuma sani cewa tsabtar da ido ke gani ba ta da alaƙa da wannan. Ɗakin da ya fi haɗari shi ne wanda aka gyara aka kulle, babu mai buɗe famfonsa.

Yanzu muna da littafi a ofis. Kowane mako ana buɗe famfo da shawar duk ɗakin da ba a kwana a ciki ba, a bar su su zuba na 'yan mintuna, taga a buɗe, kan shawar a cikin bokiti don kada ya yi feshi. Kowane wata ana auna zafin hita da na famfon farko da na ƙarshe a kowane layi. Duk wata uku ana kwance kawunan shawa a jiƙa su a cire ɓawo. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙu, saboda haka an sa na'urar gauraya zafi da sanyi dab da kowane famfo, ba can nesa ba, don kada a sake samar da dogon bututu mai ɗumi. Ruwan sanyi ne har yanzu muke fama da shi. An yi wa tankin rumfa, an naɗe bututun da ke bin rana, an raba su da na zafi inda suke manne, amma lokacin zafi ba ya sauka ƙasa da 20 ko me aka yi. Injiniyan ya ba da shawarar a rage girman tankin yadda ruwan ciki zai ƙare a sake cika shi a kowace rana, a kuma riƙa auna ragowar kilorin a famfon ƙarshe. Mun sauya tankin, awon kilorin kuma ya shiga littafin mako.